Dariyar Barira Cikin Takaba

…kuma fa ba da niyya ba. Wallahi ba da niyya ba. Ita dai Barira hoton marigayi mijinta Khalilu ta shiga nema a wayarsa, yatsa ne ya zame, sai ga kiɗan nan ya tashi, kiɗan wasan kwaikwayon mutanen Tudun Gauta, garin da ba a yunwa a cikinsa, sai tsegumi. To me ya hana ta kashewa? Ga gyaɗa a faifai tana jiran ɓara, ga ta zaune a ɗaki cikin takaba, ba kwalli ba turare… tana kallon akuyar wanzami tana taunar rawanin mai unguwa.

Ta yi dariya. Yanzun nan. Ba murmushi ba, dariya mai sauti, har da dukan cinya.

Innalillahi. Inna Hure ta ji? Uwar mijin tana can bakin murhu, zana ɗaya ce tsakaninsu. Kunnen tsohuwar nan ba ya ji in an ce ta sha magani, amma motsin ɓera a rumbu ba ya wuce ta. Muciya ta tsaya — ko ba ta tsaya ba? Tun rasuwar ɗanta ba wanda ya ga haƙoranta. Bana taki ya gagari kowa, gero ya kusa ƙasan rumbu, tuwo sau ɗaya a wuni, kuma ita ke turo mata rabin nata, wai ci, ke ce mai takaba. Da wane ido za ta dube ta yanzu?

Malam ya ce kwalliya aka hana ta, da fita ba dalili. Bai ce dariya ba. To don me take ji kamar ta ɗauki abin wani?

Khalilu ne ma ya jawo. Duk ranar kasuwar Ɗambatta sai ya biya wurin masu tura finafinai a zuba masa sabo, ya dawo ba nama ba sabulu, yana kaɗa mata waya tun daga zaure. "Barira, yau wanzami zai sha duka!" Su jingina wayar da kwano, kai da kai, shi yana dariya tun kafin a zo wurin dariyar, ita tana yi masa tsiya… ciki ba komai sai kunu, amma su wuni suna kwaikwayon tafiyar mai unguwa. Ranar da zazzaɓin ya kayar da shi sun kai rabin wannan wasan. Ya ce idonsa na juyawa. "Kashe. Kar ki kalla ba ni fa, in na tashi ma ƙarasa." Ta ce to. Da bakinta ta ce to!

Bai tashi ba.

Kashe, Barira, kashe mana… yatsan yana kan wayar, ya ƙi. Wanzami ya ɓuya a rumbu, ƙafafunsa a waje, matarsa tana rantsuwa ya tafi Kano tun jiya. Ga ta nan tana sake tahowa, dariyar, tun daga ciki — ta cusa gefen zane a baki, hawaye na zuba, na wanne ne? Daɗi take ji. Gaskiyar ke nan, daɗi take ji, kuma kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Inuwa a bakin ƙofa. Ƙafafun Inna ne a ƙasan labule, muciya a hannu, tuwo na ɗiga. Ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Kiɗan ta ji… kiɗan da a da duk lokacin da ya tashi, ɗanta yana cikin ɗakin nan.

Wasan ya ƙare, sunaye na hawa. Ashe rawanin ma ba na mai unguwa ba ne, na surukinsa ya aro. Khalilu ya sha cewa aro ne, ta ce ina, ƙarya kake. Ashe da gaskiyarsa. Ta juya dama don ta gaya masa — tabarma ce, da faifan gyaɗa.

Ta kalla ba shi. Ita ta san ƙarshen, shi bai sani ba, ba kuma zai sani ba… kuma Inna tana nan tsaye.