Kanwa a Ruwan Kifi

Ranar da 'yata Ummu Hani ta sauke akwatin gilashin nan a ɗakina, bakina ne ya ja mini. Na ce da ita mutumin da ya kora shanu saba'in daga Sabon Birni zuwa kudu ya dawo da su cif, kifi biyar ne za su gagare shi?

"Amana ce, Baba," ta ce. "An mayar da ni aiki Kabo, ɗakin da na kama babu wuta. Ka riƙe mini su."

Lokacin wata uku ke nan da likita ya ce jinina ya hau, yara suka haɗa baki suka sayar da 'yan awakin da suka rage mini. Tsakar gida ta yi tsit, sai turaku a tsaye.

Ban san na ɗauko wa kaina aiki ba. Akuya ka watsa mata harawa, shekara ta zagayo ta ba ka biyu. Kyanwa ta lashe ƙanzon tukunya ta kama maka ɓera. Waɗannan kuwa 'yan gata ne. Akwai ɗan injin da ke hura musu iska, ba ya hutawa, shi ya ƙwace batirin solar da nake kunna fanka da shi. Ruwan rijiyarmu da muke sha mu yi alwala, su sai an tace musu ya kwana. Abincinsu daga Kano ake saƙo shi a 'yar roba, audugar matatar ruwan ma duk wata sai an sauya. Kafin damina ta faɗi sun cinye abin da zai sayi tunkiya, kuma ko nama ɗaya ba za su yi ba in an haɗa su duka.

Duk wannan bai dame ni ba kamar shirunsu. Saniya in ba ta da lafiya hancinta zai gaya maka, ko kunnenta, ko kashinta. Kifi sai buɗe baki da rufewa, ka rasa yunwa ce, ƙishi ne, ko zagi. Ina sahu a masallaci, kunnena yana gida wajen injin. Sau biyu ina kama hanyar kasuwar Gwarzo ina juyowa daga rabi, wai ko ya tsaya. Wallahi na tsane su, kuma ban iya minti goma ban leƙa su ba.

Akwai wata ja mai doguwar jela da na sa wa Rahaji, sunan jajayen shanu. Wata Laraba ta ƙi cin abinci, ta kwanta a ƙasan akwatin. Na kira Ummu har sau shida, wayar a kashe, tana bakin aiki. Na zauna, na tashi, na zaga turakun nan na dawo. Sai na tuna da ƙullin jar kanwa a bayan ƙofa. Mu dai tun kakanni, dabba in ta yi sanyi ta ƙi ci, kanwa ake jiƙa mata. Ban taɓa ganin ta ba ni kunya ba. Na daka, na jiƙa rabin moɗa, na yi bisimilla na tuttula musu, har ina cewa sauran ma su amfana.

Bayan azahar ne. Kafin la'asar duk biyar sun juyo ciki sama, injin yana ta yi musu kumfa.

A wajenmu in dabbar amana ta mutu a hannunka, ba a aike, ba a waya. Kai za ka ɗauki fatarta ka kai wa mai ita da ƙafarka. Kifi ba shi da fatar kaiwa, don haka na naɗe su a tsumma mai tsabta, washegari na hau mashin zuwa Kabo. Ban taɓa jin nisan hanyar nan ba sai ranar.

Ta gaishe ni, ta tambayi jiki da mutanen gida, ina amsawa da ƙyar. Na kwance tsumman a gabanta na gaya mata komai, har kanwar. Ta daɗe tana kallonsu.

"Baba Datti," ta ce, sunan da take kirana da shi tun tana ƙarama, "ka kalli bangon nan."

Na ɗaga kai. Ƙwan lantarki ne a kunne, fanka tana juyawa, a ɗakin da ta ce mini babu wuta.

"Ba nawa ba ne, Baba. Kai na saya wa. Likita ya ce ka sami abin da za ka riƙa kallo hankalinka ya kwanta. Na san in na ce kyauta ce za ka ƙi, amana ce kawai ba ka mayarwa."

Ta ɗauko na'urar awon jini ta naɗa mini a hannu. Tana matsawa, idonta na kan allurar, na ga hawaye ya taru mata.

"Ummu," na ce, "ki saya mini akuya."