Kaltuma a Gaban Alƙali

Tun da aka gaya wa Kaltuma za ta tsaya gaban alƙali a Tanout, zama ya gagare ta. Ba laifi ta yi ba. Jikarta Zuhaira ce za ta zauna jarrabawar birebe, ga shi ba ta da takardar haihuwa, don a gona aka haife ta, ba wanda ya je ya sa aka rubuta ta. Mushen lakwal, wato malamin makarantarsu, ya ce sai an kai shaidu biyu da suka ga haihuwar.

Duk garinsu Falanko ba gidan da Kaltuma ba ta shiga ta ba da labari ba. Ta ciro zanen da take ajiya don biki, ta sa aka yi mata lalle. Shaida ta biyu kuwa Asiya ce, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ta yanke wa Zuhaira cibi.

A mota Kaltuma ta cika kowa da surutu. Amma suna isa ƙofar gidan shari'a, ta ga jandarma a tsaye, ta ga mutane sun yi tsit a kan benci, sai ta ja ta tsaya.

"Asiya, bakina ya bushe. In na yi kuskure fa suka hana yarinyar nan jarrabawa?"

Asiya ta ja ta gindin wata bishiyar bedi, ta miƙa mata goran ruwa. "Kurɓi. To ja numfashi. Ƙara. Ke, wace ƙarya aka ce ki yi? Abin da idonki ya gani za ki faɗa."

Zuhaira ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Kaka, in kin ji tsoro ki dube ni kawai. Ina bayanki."

"In kina bayana yaya zan dube ki, ƴar nan?"

Dariya ta kama su har jandarman ya waiwayo. Kaltuma ta miƙe, suka shiga ciki.

Da aka kira su, alƙalin ya gaishe ta da Hausa. Ya ce, "Inna, kin tuna lokacin da aka haifi yarinyar nan?"

"Na tuna? Allah ya ba ka nasara, muna tsakiyar yankan hatsi uwarta ta dafe ƙugu!"

Daga nan fa baki ya buɗe. Ta faɗi yadda ta sheƙa a guje kiran Asiya takalmi ɗaya a ƙafa, yadda suka kafa zannuwa jikin karan hatsi, yadda jaririyar ta tsala kukan da ya firgita jakin maƙwabci. Mai rubutu ya ajiye alƙalami yana riƙe dariya. Asiya tana taɓa ta, ita ko ko a jikinta.

"Ya isa, Inna," in ji alƙali yana murmushi. "Shekarar nake so."

Suka haɗa kai da Asiya, suka ce shekarar da aka gina masallacin unguwarsu ce. Aka lissafa, ya yi daidai da abin da mushe ya rubuto, alƙali ya ce ya gamsu.

Suna fitowa Kaltuma ta rangaɗa guɗa a farfajiya, matan da ke jiran layi suka taya ta ba su ma san dalili ba. Wata tsohuwa da tsoro ya kama ta tambaye ta yadda ciki yake. Kaltuma ta gyara mayafi, ta zauna kusa da ita, ta ce wa su Zuhaira su je su kama musu wuri a mota, tana nan tafe.