Sa Hannun Orok

Jami'in shige da fice ya turo wa Ikwo takardar da ɗan yatsa ɗaya, ko kallonta bai yi ba.

"Madam, wannan ba ta ƙetare ruwa. Ina sa hannun uban yarinya?"

"Oga, karanta mana! Dattawan gidanmu bakwai suka dangwala. Ga hatimin mai gari."

"Ko su saba'in ne."

Jirgin ruwan Limbe na ta huci a tashar Calabar, an riga an loda wa Ikwo buhunanta na gari. Ekei, 'yar shekara bakwai, ta ƙanƙame gefen zanen Ikwo. Kwana uku ke nan da binne uwar yarinyar, Ansa, ƙanwar Ikwo, kuma dangi sun yanke cewa ta bi Ikwo Kamaru, inda take aure.

"Ba ta da uba," in ji Ikwo. "Mutumin nan ko kwalbar giya bai taɓa kai wa iyayenmu ba, balle sadaki. Kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Wanda bai biya ba, ɗa na gidan uwa ne!"

"A ƙauyenku ke nan." Ya ƙwanƙwasa takardar haihuwa. "Nan Orok aka rubuta. Watan jiya na tare wata da yara biyar, duk wai 'ya'yan ƙanwarta ne."

Malamar asibiti ce ta nemi sunan uba ranar haihuwa, Ansa kuma ta faɗa don rufin asiri. Shi ke nan aikin da Orok ya taɓa yi wa 'yarsa, shi ma wata ce ta riƙe biron. Ranar jana'iza da ya zo cin shinkafa, Ikwo da tsintsiya ta raka shi har titi. Yau ga ta tana laluben lambarsa.

Sai da jirgi ya yi ƙaho na biyu Orok ya sauka daga acaɓa, yana sakace.

"A'a, Anti mai tsintsiya! Yau kuma ni ake nema?"

"Sa hannu ka kama gabanka."

Jami'in ya duba katinsa, ya waiwayi Ekei. "Kin san wannan?"

Ta girgiza kai.

"Babanki ne." Ya miƙa wa Orok biro. "In ka yarda ta tafi, rubuta nan. In ba ka yarda ba, ba mai fita da ita."

Orok ya cire tsinken daga bakinsa. "Tsaya, Oga. Wato sai abin da na ce?"

"Haka doka ta ce."

"Ikon Allah! Shekara bakwai ba wanda ya gaya min." Ya ƙare wa yarinyar kallo, irin na mai taya akuya. "Ta yi wayo kuwa. Ga matata ta haihu, tana neman 'yar raino."

Ya ajiye biron, ya kama hannun Ekei. Yarinyar ta ƙwalla ƙara tana kiran Ikwo, "Mma!"

Ikwo ta ji kamar ta shaƙe shi, ta shaƙe kanta. Da kuɗin wayarta ta kira shi, har da cewa ya yi sauri. Ma'aikatan jirgi sun fara janye katakon hawa.

"Kai, mai jar riga! Sauko min da buhunana!"

"Madam, jirgi zai tashi fa!"

"Ya tashi."

Ta damƙe ɗaya hannun Ekei, ta dubi Orok.

"Ɗaki nawa ne a gidan naka? Kira matarka ta share biyu. Inda yarinyar nan ta kwana, nan zan kwana."