Baitin da Ta Ƙi Bugawa

Wata uku Tela yana fama da waƙar nan. Ƙafa na kan keken ɗinki, baki na sarƙa baitoci, har sau biyu yana ɗinke hannun riga a juye. Budurwar da ke buga takardu a shagon tsallaken titi ya yi wa ita, wadda in ban da sallama bai taɓa iya ce mata uffan ba.

Matsala ɗaya ce: rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Sai dabara ta faɗo masa. Zai kai mata ta buga a kwamfuta, gobe ya aiki ƙanwarsa ta kai mata a ambulan. A tunaninsa masu buga takardu ba sa lura da abin da suke bugawa, yatsu ne kawai ke aiki, kamar yadda yake ɗaura maɓalli yana hira.

Da hantsi ya tsallaka. Ya tarar da wani dattijo a benci yana jiran takardunsa.

Budurwar ta ce, "Malam Tela, yau kai ne a shagonmu? Kawo mu gani."

Ta jingina takardar, ta gyara zama. Ashe ita ɗabi'arta duk abin da za ta buga sai ta karanta a fili, don kada ta tsallake layi.

"So ya kama ni kamar zazzaɓi,
Ba magani, ba mai ba ni jawabi."

Dattijon ya gyara tabarau. "Subhanallahi! Ɗana, ka je asibiti kuwa?"

Kunya ta kama Tela. Ya dubi ƙofa, ita kuwa ta ci gaba.

"Allura ta soke ni ban ji ba,
Ciwon da ke ƙirji bai bar ni ba."

"Wannan ciwon na san shi," in ji dattijon. "Ni ma ya kayar da ni, ga shi jikoki goma sha ɗaya. 'Yata, ci gaba!"

Muryarta ta ɗan yi ƙasa.

"Kullum daga tsallake nake kallonta,
Ko sau ɗaya ba ta ɗago kanta."

Yatsunta suka tsaya cak.

"Wannan kam ba zan buga ba."

"Rubutun ne bai fita ba?" in ji Tela.

"Ya fita sarai. Ƙarya ce dai. Shekaranjiya da dutsen guga ya ƙone ka kana tsalle da ƙafa ɗaya, wa ya fi ni dariya?" Ta miƙa masa takardar tana rufe baki da gyale. "Je ka gyara baitin. In ka dawo, kai za ka karanta da bakinka."

Dattijon ya buga sanda a ƙasa. "Tashi mana, angon gobe!"

Tela ya fice a guje, ya ratsa titi, masu babur na ta danna masa oda. Ya faɗa shago ya wawuri allin awo, ya hau rubuta sabon baiti a kan teburin yanka, yana dariya shi kaɗai.