Jiragen Takardar Hafsatu

A shekarar da soja suka koma bariki, Malam Isyaku mai gyaran keke yana da rumfa a bakin titi a Gyadi-Gyadi, da famfon hura taya, da kwanon ruwa, da 'ya guda mai suna Hafsatu. Abin da ya rasa shi ne masu kawo gyara, domin 'yan siyasa sun shiga rabon babura, duk wanda ya samu sai ya jingine kekensa ya kama acaɓa. Ita kuwa Hafsatu tana aji biyar a wata firamare a Tarauni. Bakinta da kaifi, rubutunta da kyau, lissafi ne kawai ya ƙi ta. Ga shi hedimasta ya riga ya sanar cewa duk wanda ya faɗi lissafi a ƙarshen shekara zai maimaita aji.

Malaminsu, Malam Inuwa, mutum ne mai son ƙarfafa wa yara gwiwa. Wata Alhamis ya ba su labarin wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, masu gyaran keke, da suka dage sai sun ƙera jirgin sama. Ya ce sun gwada sun faɗo, sun sake sun faɗo, mutane na yi musu dariya, har ranar da jirgin ya tashi. Yana shirin ƙara bayani aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse.

Labarin ya shiga ran Hafsatu ƙwarai. Daga ranar, duk Juma'ar da aka miƙo mata takardar gwajin lissafi cike da jan biro, sai ta ninke ta ta yi jirgi, ta cilla a bayan aji, sannan ta ɗauka ta adana a jaka.

"Uku cikin goma kika ci, kuma kina murmushi?" in ji Uzoamaka, ƙawarta ta benci ɗaya.

"Ba ki ji Malam ba? Sai an faɗi da yawa ake yin nasara. Ni ina kan ta tara. Ke da ba ki taɓa faɗuwa ba ce abin tausayi."

"To sannu, direbar jirgi. Ni dai aji shida zan wuce, in bar ki da ƙannenmu."

Saura wata guda a yi jarrabawa, wata Asabar Hafsatu ta kai wa babanta abinci rumfa. Ta zazzage masa jirage goma sha ɗaya a kan benci, ta ba shi labarin cikin alfahari.

"Masu gyaran keke kika ce?"

"Wallahi Baba, irin sana'arka."

"To in sun faɗo, me suke yi kafin su sake hawa?"

Ta ce, "Malam bai kai nan ba aka tashi."

Malam Isyaku ya jawo wani tiyub na keke ya hura masa iska, ya tsoma a kwanon ruwa yana juya shi a hankali, har ƙananan kumfa suka taso. Ya soka tsinken ashana a wurin.

"Da zan hura wannan sau ɗari ban nemi hujin ba, sau ɗari zai sace. Warware min jiragen nan."

Bai yi boko ba, amma ya san lambobi, kuma idonsa ya saba da neman inda ya lalace. Ya jera takardun yana bi da yatsa. Kusan duk inda jan biro ya sauka, akwai wata alama mai sanda a kwance da ɗigo sama da ƙasa.

"Wannan fa mene ne?"

"Rabawa ce, Baba."

"Ga hujinki nan. Guda ɗaya ne, kika hura shi sau goma sha ɗaya."

Da yake babura sun bar masa lokaci har ya yi yawa, kullum bayan la'asar sai ya zube mata 'ya'yan boris na keke da murafan kwalba, ta yi ta rabawa. Ashirin da huɗu a murafai shida, talatin da biyar a bakwai. Ta yi kuka, ta ce kanta na ciwo, ta ce waɗancan Turawan ba su yi wannan wahala ba. Ya ce in masu gyaran keke ne na gaske, sun yi wadda ta fi ta.

Da aka yi jarrabawa, ta ci hamsin da huɗu cikin ɗari a lissafi. Ba ta burge kowa ba, amma ta wuce.

Ranar ba da hutu Malam Inuwa ya tsayar da ita gaban iyaye, ya ce ga amfanin labarin da ya ba su na juriya, a tafa mata. Malam Isyaku yana can baya, hannu duk baƙin mai, ya tafa tare da jama'a.

Hafsatu dai ta gane cewa yawan faɗuwa ba ya kai mutum ko'ina, sai ya zauna ya duba inda abin ya ɓaci ya gyara.