Ta'aziyyar da Ta Rufe Mana Shafi

Har yau in na ji wani ya ce abu kyauta ne a intanet, sai in ji kamar in kwaɗa masa mari. Kyauta! Ni Fuseina na ga kyautar da idona, na kuma ga abin da ta yi wa Mma Ashetu.

A lokacin ina aiki a kafen Bra Kwamena, wato shagon intanet, da ke bakin titi a unguwarmu Sabonjida. Mutumin kudu ne, Kirista, mai sanyin rai har ya yi yawa. Aikina buga takardu da taimakon waɗanda ba su iya kwamfuta ba, wato kusan unguwar gaba ɗaya, don wayoyin da ke hannun mutane a shekarun nan na kira ne kawai. Ni na buɗe wa unguwarmu shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, tare da imel ɗinsa a ƙarƙashin suna ɗaya. Kamfanin bai karɓi ko sisi ba, har da yi mini maraba da Turanci mai zaƙi. A shafin nake sa sanarwar haihuwa da ta aure da ta rasuwa, don 'yan Sabonjida da ke Jamus da Italiya da Amurka su san halin da gida ke ciki. Adireshinsu duka yana cikin imel ɗin. Ban haddace ko ɗaya ba, kuma ba ni da dalilin haddacewa, tunda ina buga harafin farko sauran ke fitowa.

Cikin masu rubuto mini akwai Abdul-Aziz, ɗan Mma Ashetu mai koko, maƙwabciyarmu. Shi kaɗai ya rage mata. Ranar da ya ce zai bi hamada zuwa Libiya ta roƙe shi, ta yi kuka, ta sa manya suka yi masa magana, bai ji ba. Yana fita da jakarsa ta bi shi har ƙofar gida, ta ce in ya tafi ba ta yafe ba. Ya tafi. Daga Libiya ya tsallaka Italiya, yana tsinkar tumatir daga wannan gona zuwa waccan, ba takarda, ba lambar waya tsayayya. Imel ne kaɗai hanyarsa. Duk sa'ad da ya samu kwamfuta sai ya tambaye ni ko Mma na lafiya, ko ƙafarta ta daina kumburi. Ita kuwa tun daga ranar da ya tafi ba wanda ya isa ya ambaci sunansa a gabanta. Wata mai sayen koko ta taɓa gwadawa, Mma ta karɓe kwanon ta juye kokon cikin tukunya ta miƙa mata kwanonta.

Sai Alhaji Yidana dillalin shanu ya rasu.

Wanda bai san mu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinmu ta'aziyya ba a aika ta a bakin wani, sai an gan ka. 'Ya'yan Alhaji kuwa suna Amurka, kuma kowa ya san suna karanta shafin. Don haka bayan mutane sun yi gaisuwa a gidan rasuwa, sai su zarce kafe don a sa sunansu. Mahauta suka zo, masu goro suka zo, matan kasuwa suka zo da goyo, layi ya kai har bakin masallaci.

"Fuseina, ka sa sunana ko?" in ji wata tsohuwa da Hausarmu ta nan da ba ta raba mace da namiji, tana leƙa fuskar kwamfutar, ko da yake ba ta karatu. "Sa shi dam, kar yaran Alhaji su ce ban zo ba."

Na sa nata, na sa na kowa, ɗaya bayan ɗaya, daga kujera ɗaya. Allah ya jiƙan Alhaji, Allah ya sa ya huta, wane ne ke gaisuwa. Kalmomin ba sa canzawa, don me mutum zai ce ban da wannan? Waƙa zai yi wa mamaci? Tsakanin haka na tura sanarwar jana'iza ga duk adireshin da nake da su, na sake tura ta addu'a. Na tashi aiki yatsuna na zogi, amma raina fari ƙal, don ba wanda ya koma gida ba a sa sunansa ba.

Da safe na buga kalmar sirri, abu ya ƙi buɗewa. Na sake bugawa a hankali. Sai wani rubutu ya fito, wai an dakatar da ni saboda abin da nake yi ya yi kama da aikin na'urar da ke watsa tallan banza. Shafin ma sun sauke shi. Mutanen unguwa guda sun yi wa dattijonsu addu'a, wani abu da ba shi da uwa ba shi da uba ya duba ya ce shara ce.

Da a nan abin ya tsaya da na yi zage-zagena na haƙura. Amma a makon ne aka dawo da Mma Ashetu daga asibiti, irin dawowar da likita ke cewa a je gida a ci gaba da addu'a. Ta aiko a kira ni. Na same ta kwance a tabarma, ta rame har na ji tsoro.

"Zamna," in ji ta. "Yaron nan, ka na da hanyanshi?"

"Wane yaro, Mma?"

"Kar ka yi mini wayo. Ni na sani ka na rubuta mashi." Ta huta kaɗan. "Gaya mashi shi kira ni. Maganan da na yi a bakin ƙofa, ni na so in cire. Amma da kunnenshi zai ji, ba a takarda ba."

Na ce to, Mma, yau ɗin nan. Na fito ina sauri, sai da na kai titi na tuna adireshinsa na cikin abin da aka kulle.

Daga nan na shiga kokawa da kamfanin, in ma kokawa ce, don ba ka ganin wanda kake yi da shi. Suka ce in tabbatar ni mutum ce. Ni! Suka jero wasu haruffa a karkace kamar sawun kaza a kan taɓo, wai in karanta. Na karanta, suka ce ban yi daidai ba, suka kawo wasu. Da na tsallake wannan, suka ce za su aika lamba zuwa wayar da aka buɗe imel ɗin da ita. Layin Bra Kwamena ne na da, wanda ya faɗa kwata tare da wayar tun damina biyu da suka wuce. Suka tambayi wata da shekarar da na buɗe. Na tuna dai bayan ƙaramar salla ne, amma ba su da gurbin rubuta bayan ƙaramar salla. Na samu inda ake kai kuka, na zauna na rubuta musu komai da Turancin da nake da shi: al'adarmu, da rasuwar Alhaji, da tsohuwar da ke kwance tana jiran ɗanta. Kafin in ɗauke hannuna amsa ta iso. Wai sun gode da na tuntuɓe su, ra'ayina na da muhimmanci a wurinsu. Na sake rubutawa, amsar nan dai ta dawo, ko waƙafi bai canza ba. Su da suka kulle ni don na maimaita magana, ga su suna maimaita mini tasu.

"Sista Fuseina, yi haƙuri," in ji Bra Kwamena da ya ga na buga teburin. "Abin kyauta ne ai. Ba ka biya ba, wa za ka kama?"

"Shi ya sa ba su ji!" na ce masa. "Da sun karɓi kuɗi da akwai ofis, da na je na zauna a ƙofa har su gaji da fuskata."

Na kira 'yan lambobin da ake da su na mutanenmu a Italiya. Wani ya ce rabonsa da Abdul-Aziz tun kakar bara, wani ya ce ya ji ya koma kudu, wani ma layinsa ya mutu. Kullum in na wuce ƙofar Mma sai in ji muryarta daga ɗaki tana tambaya ko ya kira. Kullum in ce ana nan ana ƙoƙari. Na tsani wannan kalmar har yau.

Bra Kwamena ne ya tuna da wata tsohuwar kwamfuta da muka jingine a lungu don ta cika tsayawa. Ya karkaɗe ta ya kunna, na buɗe sabon imel a wani kamfanin, shi ma na kyauta, na buga farkon sunan Abdul-Aziz, sai ga adireshin ya faɗo. Tsohuwar kwamfutar ba ta manta ba. Na yi guɗa a cikin kafe, mutane suka juyo suna kallona. Na rubuta masa a gurguje: Fuseina ce, an kulle mini wancan imel ɗin, Mma ba ta da lafiya sosai, tana nemanka, ka kira lambar nan maza.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne irin saƙon da 'yan damfara ke aika wa mutanenmu na waje ke nan, kusan kalma da kalma. Sabon adireshi, uwa a kwance, yi sauri. An cuci da yawa daga cikinsu da shi, har sun gargaɗi juna.

Amsarsa ta zo kafin ƙarshen mako.

"Ɓarawo, ka yi kuskuren gida. Adireshin Fuseina ni na san shi, ba wannan ba ne. Kuma da ka san Mma na, da ka san ko mutuwa ya zo ba zai neme ni ba. Nemi wani wawa."

Na karanta, kaina ya ɗau zafi. Na rubuta masa abubuwan da ba ɓarawon da zai sani: tabon da ke gwiwarsa, sunan akuyar da muka kora cikin masallaci muna yara. Na aika, na sake aikawa. Shiru. Ya riga ya toshe ni. Na buɗe wani adireshin na uku, shi ma shiru, don wanda ya ga ɓarawo jiya ba zai buɗe wa baƙo yau ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Da daga adireshin da ya sani saƙon ya fito, da a ranar zai ari waya ya kira.

Na je wurin Mma da niyyar in sake cewa ana ƙoƙari. Ta dube ni ta ce, "Ya amsa. Fuskanka ya faɗa. Mi ya ce?"

Na so in gyara maganar, ta ce in faɗa yadda take. Na faɗa. Ta rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

"Gaskiyanshi," in ji ta. "Haka na koya mashi." Ta lalubo hannuna ta jawo ni har kunnena ya kusa bakinta. "Na yafe mashi duniya da lahira. Riƙe mashi, Fuseina. Amana ne."

Ran Juma'a ta cika. Muka kai ta, aka yi addu'a, aka watse. Ba inda zan sa sanarwarta, matar da rabin 'yan Sabonjida na waje suka girma da kokonta.

Bayan an share makoki, ina zaune a kafe, na gwada tsohon imel ɗin don hannuna ya saba. Ya buɗe. Haka kawai, ba bayani, ba ban haƙuri. Wai sun duba sun ga ban karya doka ba, suna murna da dawowata, har da tambayar ko na gamsu da hidimarsu, in zaɓi tauraro. Na zagi fuskar kwamfutar nan zagin da ban taɓa yi wa ɗan adam ba, Bra Kwamena ya tashi ya fita waje ya ba ni wuri.

Da na gaji na share hawayena, na rubuta wa Abdul-Aziz daga adireshin da ya sani. Na gaya masa Allah ya yi wa Mma rasuwa, na gaya masa ranar, da wanda ya yi mata salla, da amanar da ta ba ni in riƙe masa. Wannan karon bai ce ƙarya ba ne. Da yamma wayar kafe ta yi ƙara, na ɗauka, na ji numfashi kawai da ƙarar motoci daga nesa.

"Fuseina," in ji shi. Muryarsa ta yi kauri, da ƙyar na gane ta. "Wancan saƙon. Wanda na zaga."

"Na'am."

"Kai ne?"

"Ni ce."

"Lokacin Mma na da rai?"

Na ce masa e, tana da rai, kuma tana jira.