Washar da Ta Yi Ragowa

Wata bakwai babur ɗin Auta ya yi a ƙarƙashin tamfol a bayan gareji. Bakanike, yayan Auta, bai taɓa ɗaga tamfol ɗin ba. Amma wani lokaci da rana tsaka, yana cikin aiki, sai ya ji ƙarar nan: ƙas, giya ta zame, inji ya kwarma ihu a banza. In ya waiga, babu kowa, sai tamfol da duwatsu huɗu da suka danne shi.

Sau uku Auta ya kawo masa ƙara kafin rasuwarsa.

"Yaya, giya ta uku tana fita da kanta in ina hawan tudu."

"Ƙafarka ce. Ka mai da libar canza giya matashin kai, dole ta fita."

"To sai in yanke ƙafar in bar maka ajiya," in ji Auta, yana dariya.

A tudun bayan gada abin ya faru. Waɗanda suka gani sun ce Auta ya fito zai wuce wata babbar mota, sai injin ya yi ihu, babur ya rasa ƙarfi a tsakiyar titi, ga wata motar tana gangarowa.

Da safiyar wata Talata matar Auta ta zo gareji. Ta gaishe shi, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba.

"Yaya, masu shagon magani sun yarda in ci gaba da kai musu kaya a madadinsa. Na koyi tuƙi. Ina so ka tayar mini da babur ɗin."

"Maman 'Yan Biyu, bari in nemo miki wani."

"Wannan nake so. Amma ka duba giyar da kyau. Kullum sai marigayi ya yi mitarta."

Ta zauna a bencin da ke waje, makullin babur ɗin yana hannunta, ta ce za ta jira.

Tayar gaba ce da fitila suka lalace, injin bai ji komai ba. Bakanike ya tsiyaye baƙin mai a faranti, ya karkata shi wajen haske. Garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki kamar yashi. Ya sauke injin, ya raba shi biyu, ya jera ƙusoshi a kan tsumma. Abu ɗaya yake nema: ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke tura giya. In mutum yana ɗora ƙafa a kan liba, yatsun sukan lanƙwashe, su yi baƙi don gugar wuta. Wata bakwai ke nan yana gaya wa kansa haka zai tarar.

Ya ciro shi, ya kwantar a kan gilashi. Miƙe yake sak, ko tabo babu.

Ya ɗauko giya ta uku. Ƙananan haƙoran gefe, masu shiga ramin 'yar'uwarta su riƙe, duk sun goge sun yi mulmul. Ya kama sandar da giyoyin ke kai, ya tura ta gaba, ya ja baya. Ta motsa. Ɗan motsi ne, bai kai kaurin farce biyu ba, amma bai kamata ta motsa ba ko kaɗan. A ƙarshen sandar akwai gurbin wata siririyar washa, ɗan zoben ƙarfe da ke hana ta wasa. Gurbin fayau yake.

Mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe injin nan, shekara biyu da suka wuce: shi kansa. Ya tuna ranar. Ya gama ɗaurewa, ana kiransa ga wani aiki, Auta ya tsinci wani abu a kan tsumma.

"Malam injiniya, wannan fa? Ko kyauta ce kamfani ya ƙara mana?"

"Ragowa ce. Ba ta aikin komai."

 Bakanike ya miƙe, ya goge hannu, ya je wajen benci.

"Ara mini makullin."

Ta miƙa masa. A jikin zoben makullan, kusa da makullin gida, washar tana nan, ta yi sumul don shafar yatsa.

"Ya ce kai ka ba shi," in ji ta. "Ko 'yan biyu ba ya bari su yi wasa da ita."

Ya zare ta da farce, ya koma, ya zura ta a ƙarshen sandar. Ta zauna daram. Ya tura, ya ja. Babu motsi.

"Yaya, ka gano? Ƙafarsa ce, kamar yadda ka ce?"

Zai iya sa sabuwar giya, ya rufe inji, ya ce mata eh. Babur zai hau kowane tudu lafiya, ba wanda zai ƙara buɗewa. A bayan gareji iska ta ɗaga tamfol ɗin da babu komai a ƙarƙashinsa, ta sake shi.

"Ba ƙafarsa ba ce," ya ce. "Matso kusa, in nuna miki abin da na yi."

A karon farko ta tsallako bakin ƙofar.